Ɗafa-ƙeya

Barira ta taso daga lakkol, kaye bisa kai saboda rana,
ta zauna kan bencina, bayan kwalaben mai,
inda nake tsaron hanyar Magarya tun assalatu.
Ta ce, "Baba, yau Mushe Yahuza
ya rubuta haruffa uku a allo,
ya ce Ingilishi na kiran su, mu kuma mu ce ɗafa-ƙeya."

Na ce, "Wa ya ɗafa ƙeyar wa?
A Garin Malam, wannan tsokanar faɗa ce."

Ta yi dariya har mazurari ya faɗi.
"Kalma ce 'yar ƙarama, ful ake ce mata.
Ba ta shiga gaba, sai dai baya,
kamar ɗan akuya ranar kasuwa.
Ka kawo kyau, ta bi shi, abu ya zama kyakkyawa.
Ka kawo tsoro, ta bi shi, ga matsoraci.
Ka kawo kula, ga mutum mai taka-tsantsan."

Na ce, "Ful? Ai tsohon abokin cinikina ne!
Shekara goma sha tara direbobin kudu
na leƙo da kai ta taga suna ce mini,
cika shi ful, malam, muna sauri.
Ashe Bature nake shayarwa ban sani ba."

Ta ce, "Shi ɗin ne, Baba.
Can da, a ƙasarsu mai hazo da sanyi,
kalma ce mai zaman kanta, da ƙofar gidanta,
ma'anarta cike, kamar tulu bayan ruwan Agusta.
Sai baki ya yi ta jan ta bayan wasu,
yau bayan wannan, gobe bayan waccan,
har ta saba da bi,
har harafi ɗaya ya zube mata a hanya,
ba wanda ya tsaya ɗauka."

Na yi shiru. Wata tirela ta wuce, kwalabe suka yi rawa.

Na ce, "Mu namu mai ladabi ne, goshi yake dafawa.
Mai haƙuri, mai kunya, mai bashi.
Shi ke yin sallama kafin suna ya shigo.
Ni nan da kike gani, mai mai ne,
sau biyu, ko Mushe bai kai ni ba."
Ta ce, "Muna da na baya mu ma:
dafaffe, wankakke, gajiyayye."
Na ce, "Na ƙarshen, bar shi, nawa ne."

Ta buɗe wani shafi.
"Tana da ƙanwa, les, mai kwashe abin da yaya ta zuba.
Maras gida, maras barci, maras ruwa."
Na ce, "Wannan kam 'yar Damagaram ce.
Je ki tambayi famfonmu,
kwana huɗu yana tari, ko ɗigo,
jarkoki sun yi sahu har gindin dutse
kamar masu jiran liman."

Da dare, bayan na kulle kwalabe a akwati,
na tsaya ina lissafi ba na kuɗi ba.
Ni ma da cikakken suna ne, Mamman Gajere,
wanda ya taɓa tuƙa babur daga nan har Tanut ba hutu.
Yau in na bi ta Kasuwar Dole,
sai in ji, ga uban yarinyar nan mai karatu.
Na taɓa gurbin haƙorin da ya zube mini bara.
To.
In bin bayanta zai cika ta, in bi.

Da safe wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, yana ƙirga tamma a tafi.
Na ce, "Ful?"
Ya ce, "Haba, Baba. Rabin kwalba."